Masu gudun sanyi da waɗanda aka kai tsibiri a ɗaure

Mu nan ƙasar Damagaram mun san cin rani. Da zarar an kai gero rumbu, sai samari su ɗaure ƴan komatsansu su nufi Kano ko Legas ko Agadas, wasu har Libiya, ba a sake ganinsu sai hadari ya fara haɗuwa. Turawa ma suna da irin tasu tafiyar, sai dai su sanyi suke gudu. Daga watan Nuwamba, lokacin da rana ke faɗuwa a arewacin Turai tun kafin ƙarfe biyar na yamma, dusar ƙanƙara kuma ta rufe hanyoyi, masu hali sukan hau jirgi su nufi tsibiran da ke cikin teku mai ɗumi. Wasu mako biyu suke yi su koma. Wasu kuwa, galibi tsofaffin da suka yi ritaya, gida suke sayarwa su tare can ɗungurungum, da niyyar su ƙare sauran kwanakinsu a gindin itacen kwakwa, ba rigar sanyi, ba sammakon zuwa aiki.

Hotunan wannan rayuwa sun iso mu. Suna cikin wayar kowane saurayi, a Facebook da TikTok: farin rairayi, shuɗin ruwa, mutum a kishingiɗe ba ya komai. Ni malamin makaranta ne a Gidimuni, shekara ashirin ke nan ina riƙe da alli, kuma na lura yaran da muke koyarwa yanzu sun san kamannin waɗannan wurare tun kafin su iya nuna su a taswira. Abin da ba su sani ba shi ne tarihinsu. Shi nake so mu duba tare, malamai da iyaye, domin tsibiran nan da ake tallata wa duniya da sunan wurin hutu, a cikinsu aka tsare sarakunan Afirka har wasu suka mutu, kuma a gaɓar wasunsu ake tsamo gawarwakin ƴaƴan Afirka a yau. Abin da ya raba mai hutu da ɗaurarre a kan tsibiri ɗaya shi ne ko da son ransa ya je, da kuma ko hanyar komawa gida a buɗe take gare shi.

Inda mafarkin ya samo asali

Wannan mafarki bai tsufa ƙwarai ba, kuma an san waɗanda suka shuka shi. A watan Afrilu na 1768, wani hafsan jirgin ruwan Faransa mai suna Bougainville ya yada zango a tsibirin Tahiti, can tsakiyar tekun Fasifik. Mutanensa sun yi watanni a kan ruwa suna cin busasshen guzuri, sai ga su a inda ƴaƴan itace ke rataye, ruwan sha na gudu, mutanen gari kuma suka karɓe su hannu bibbiyu. Kwanakin da suka yi a wurin ba su wuce goma ba. Da ya koma gida ya buga labarin tafiyarsa a 1771, ya siffanta tsibirin kamar wata aljannar duniya. A cikin littafin ya ambaci yaƙe-yaƙen mutanen wurin da bambancin da ke tsakanin sarakunansu da talakawansu, amma masu karatu a Paris zancen aljannar suka riƙe, sauran suka bar shi. Ai baƙon kwana goma ba ya sanin abin da ke cikin rumbun mai gida. Jiragen da suka biyo baya suka kawo bindiga da giya da cututtukan da mutanen tsibirin ba su saba da su ba, yawan jama'a ya ragu ƙwarai. A 1842 Faransa ta ce ta sa Tahiti ƙarƙashin kariyarta, a 1880 ta haɗiye shi gaba ɗaya.

A ɗaya gefen duniya kuma, tsibiran Karebiya irin su Barbados da Jamaika da Martinik da Gwadalup, tun ƙarni na 17 gonakin rake ne. Duk wanda ya taɓa saran rake a fadamar Gidimuni ya san ba aikin rago ba ne. To a can bayi ne da aka kwaso daga Afirka suke yin sa daga fitowar rana har faɗuwarta, su sare, su ɗauka, su matse, su dafa, a loda sukarin a jirgi a kai wa masu shan shayi a Turai. Har da namu a ciki. A takardun ƙidayar bayi na gonakin tsibirin da yau ake kira Haiti, a ƙarshen ƙarni na 18, akwai mutanen da aka rubuta asalinsu da kalmar "Aoussa", wato Hausawa. Ingila ta soke bauta a tsibiranta a 1834, Faransa kuma a 1848. Da yawa daga masu ɗaukar jakar baƙo a otal-otal na waɗannan tsibirai a yau jikokin waɗancan masu saran rake ne.

Biyu da suka je da ƙafarsu

Cikin waɗanda suka bar sanyi suka tare a tsibiri, mutum biyu sun fi shahara, kuma har gobe sunayensu ake sa wa otal da jiragen yawon buɗe ido.

Na farko shi ne Robert Louis Stevenson, marubuci, haifaffen birnin Edinbara na ƙasar Sikotland a 1850. Tun yana yaro yake fama da ciwon huhu, sanyin garinsu kuma yana tayar masa da shi. Ya nemi sauƙi a duwatsun Suwizaland, ya nema a kudancin Faransa, ya nema a Amurka, daga ƙarshe ya shiga tekun Fasifik ya isa Samoa a ƙarshen 1889. Ya sayi fili mai faɗin eka sama da 300 a wani wuri da ake kira Vailima, ya sa aka sare daji aka gina gida. Ya sami sauƙin ƙirji, wannan gaskiya ne. Hutu kuwa bai samu ba. Mahaifiyarsa da matarsa da ƴaƴan matarsa da ma'aikatan gona duk a kansa suke, dole ya yi ta rubutu ba tsayawa don ya riƙe gidan. Ga kuma siyasa: Jamus da Ingila da Amurka suna ja-in-ja a kan tsibiran, shi kuma ya tsaya bayan wani basarake mai suna Mata'afa, wanda Turawa suka kore shi a 1893 suka kai shi wani tsibirin mai nisa da ake kira Jaluit. Stevenson ya riƙa taimakon hakiman da aka ɗaure, su kuma da aka sake su suka share masa hanya har ƙofar gida don godiya. Ya rasu ranar 3 ga Disamba 1894 yana da shekara 44, mutanen Samoa suka ɗauki gawarsa suka hau da ita kan dutse suka binne. Shekara biyar bayan haka Jamus da Amurka suka raba Samoa tsakaninsu.

Na biyu shi ne Paul Gauguin, Bafaranshe mai zane. Da can dillali ne a kasuwar hannun jari ta Paris. Ya bar matarsa da ƴaƴa biyar a Kwapanhagan, ya gwada zama a Martinik a 1887, sannan a 1891 ya shiga jirgi zuwa Tahiti yana neman waccan aljannar da aka rubuta shekara ɗari da ashirin kafin nan. Abin da ya tarar gari ne na ƴan mulkin mallaka, da jandarmomi da rufin kwano da kaya masu tsada. Ƴan kwanaki da saukarsa sarkin Tahiti na ƙarshe, Pomare na biyar, ya rasu. Gauguin ya zana tsibirin yadda yake so ya kasance, zanen nan kuwa su ne yau ake sayarwa miliyoyin daloli. Rayuwarsa a wurin bashi ce da ciwo da rigima da hukuma, kuma ya riƙa ajiye ƴan mata masu shekara 13 da 14 a ɗakinsa, abin da ya san ba zai yi a garinsu ya kwana lafiya ba. Ya rasu ranar 8 ga Mayu 1903 a tsibirin Hiva Oa, da hukuncin ɗaurin wata uku a kansa wanda bai kai ga yi ba. Duk malamin da zai nuna wa ɗalibai waɗannan zane, ya kamata ya gaya musu shekarun yaran da ke ciki.

Su biyun dai da ƙafarsu suka je, kuma jirgin komawa yana nan in sun so. Gauguin ma ya koma Faransa a 1893, ya yi shekara biyu, ya sake fita.

Waɗanda aka kai a ɗaure

A daidai shekarun da waɗannan biyu ke neman lafiya da ilhama a tsibiri, gwamnatocin ƙasashensu sun gano wani amfanin tsibiri: kurkuku ne da ba ya bukatar katanga. Sarkin da ya ƙi miƙa wuya, in aka kashe shi mutanensa za su riƙe abin a zuci, in aka bar shi a gida kuma zai tara jama'a. Sai a sa shi a jirgi a kai shi inda ruwa ya kewaye shi ta ko'ina.

A 1887 Ingilishi suka yaudari Jaja, sarkin Opobo na gaɓar Najeriya, wanda ya hana su cin kasuwar manja yadda suke so. Suka gayyace shi shawara a cikin jirgin yaƙi, suka wuce da shi. Aka yi masa shari'a a Akara, aka kai shi tsibirin San Binsan a Karebiya. A 1891 aka yarda ya koma gida, amma bai isa ba, ya rasu a hanya a tsibirin Tenerif. Ku riƙe sunan wannan tsibiri, za mu komo gare shi.

Behanzin, sarkin Dahome, ya yi shekara biyu yana fafatawa da sojan Faransa kafin ya miƙa kansa a watan Janairu na 1894. Aka kai shi Martinik, tsibirin nan da Gauguin ya je hutu shekara bakwai kafin nan, tare da wasu daga matansa da ƴaƴansa, aka ajiye su a wata ganuwar soja a birnin Fort-de-France. Shekara goma sha biyu ya yi a can yana aika takardun roƙon a mai da shi ƙasarsa. Yana tsibirin ranar 8 ga Mayu 1902, sa'ad da dutsen Pele ya yi aman wuta ya shafe birnin Saint-Pierre da mutum wajen 28,000. A 1906 aka ɗauke shi, amma maimakon Dahome sai aka kai shi Aljeriya, inda ya rasu a watan Disamba na shekarar. Sai a 1928 aka kai ƙasusuwansa gida.

Tsibiran Seshel kuwa, waɗanda yau manyan attajiran duniya ke zuwa cin amarci, su ne ma'ajin sarakunan da Ingila ta tuɓe. An kama Prempeh, sarkin Asante, a 1896, aka kai shi Saliyo, daga nan aka wuce da shi Seshel a 1900. Bai sake ganin Kumasi ba sai 1924, kuma a matsayin talaka aka yarda ya shiga. Yaa Asantewaa, dattijuwar da ta jagoranci yaƙin 1900, a can ta rasu a 1921. Mwanga na Buganda ma a can ya rasu a 1903. Yana da kyau mu gaya wa yaranmu cewa a cikin rundunar da Ingila ta ci Asante da ita akwai sojoji Hausawa masu yawa. Tarihinmu ya shiga wannan labari ta gefen wanda aka zalunta, ya kuma shiga ta gefen mai riƙe da bindiga.

Mu ma nan Damagaram mun ɗanɗana wannan dabara, ko da yake namu ba tsibiri aka kai shi ba. Bayan yaƙin Tirmini na 1899 da kisan Sarki Amadu Kuran Daga, Faransawa suka naɗa Amadu Ɗan Basa. A 1906 suka zarge shi da ƙulla makircin tayar musu, suka tuɓe shi, suka kai shi Kwaddibuwa, ƙasar kurmi da ruwan sama, nesa da duk wanda zai ce masa ranka ya daɗe. Ba a sake naɗa sarki a Damagaram ba sai 1923. Da a ce wani ya ɗauki hoton inda aka ajiye waɗannan sarakuna, da an ga korayen itatuwa da ruwa, kamar dai hotunan da ke cikin wayoyin yaranmu.

Ɗan Damagaram a tsibirin sanyi

Akwai ɗan ƙasarmu guda da ya yi wannan tafiya ta baibai: ya bar zafi ya je tsibirin sanyi, ya zauna, sannan ya bar sanyin ya komo. Sunansa Dorugu, kuma abin takaici ne a ce yaro ya gama firamare a jihar Damagaram bai taɓa jin sunansa ba.

An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance. Yana yaro mahara suka kama shi, aka kai shi Damagaram, aka sayar, ya bi hannu-hannu har Kukawa, babban birnin Barno. Zamanin ke nan da sarakunanmu da kansu suke kai hari ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu don samun bayin sayarwa. Baturen nan James Richardson, wanda ya zauna a Damagaram a farkon 1851, ya rubuta yadda ya ga ana shigowa da kamammu cikin gari. A Kukawa aka ba da Dorugu haya ga wani Bajamushe mai bincike, Adolf Overweg, don ya kula masa da raƙuma. Overweg ya fanshe shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega, ya ƴanta su. Wannan Overweg shi ne Baturen farko da ya kewaya tsibiran tabkin Cadi, cikin wani jirgin katako da aka ɗauko gunduwa-gunduwa a bayan raƙuma tun daga Tarabulus. Zazzaɓi ya kashe shi a bakin tabkin a watan Satumba na 1852, yana da shekara 30. Zafin da wasu ke biɗa don lafiya, shi ajalinsa ya zama.

Yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda a nan aka sani da Abdulkarim. Suka bar Kukawa a ƙarshen Nuwamba na 1852, cikin tsananin hunturu, har Barth ya rubuta cewa da asuba awon sanyi ya sauka kusan digiri 5. Suka ratsa ƙasar Muniyo, suka bi ta Gure, suka nufo Mirya. A kan wannan hanya Barth ya siffanta wani gari da ya rubuta sunansa Badamuni ko Gadabuni, mai tabki biyu maƙwabta, ɗaya na ruwan daɗi ɗaya na kanwa, da lambuna kewaye. Duk wanda ya san Gidimuni zai gane wurin. Suka shiga Damagaram ranar 25 ga Disamba 1852, suka tashi a ƙarshen Janairu. Daga nan Katsina, Wurno, Sakkwato, Gwandu, Sayi, har Tumbutu a watan Satumba na 1853. Suka komo ta Kano da Kukawa, suka ƙetare Sahara ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa ta tsibirin Malta zuwa Faransa, suka sauka Landan ranar 6 ga Satumba 1855. Dorugu bai wuce shekara goma sha shida ba a lokacin.

Barth ya yi niyyar mai da yaran gida. Amma wani ɗan mishan, shi ma haifaffen Jamus, James Frederick Schön, ya riƙe su a gidansa a yankin Kent, har abin ya zama rigima tsakaninsa da Barth. Schön ya daɗe yana nazarin Hausa, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, don haka yaron Dambanas ya zame masa rijiya a ƙofar ɗaki. Dorugu yana faɗa, Schön yana rubutawa: tatsuniyoyi, kalmomi, da labarin rayuwarsa tun daga ƙauyensu har teburin cin abincin Turawa, wanda ya siffanta dalla-dalla da idon baƙo mai lura. Da wannan aka gina littafin nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885. Labarin Dorugu yana cikin dogayen rubuce-rubucen zube na farko da aka yi da Hausar boko, kuma Hausar Damagaram ce a ciki. Sunan Schön ne a bangon littattafan.

Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya har ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu kuwa, wanda aka yi masa baftisma aka raɗa masa suna James Henry, ya ci hunturun Ingila har zuwa 1864 kafin ya komo. Ya bar sanyi, amma aiki ya tarar. Ya yi tafinta ga Turawa matafiya, ciki har da Gerhard Rohlfs, ya daɗe a ƙasar Nufe, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya koyar da karatun boko a makarantar da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Ya rasu a Kano a 1912, tafiyar ƴan kwanaki da ƙauyen da aka haife shi.

Abin da nake ɗauka a rayuwar Dorugu shi ne, fitarsa daga gida ba shi ya zaɓa ba, kamar sarakunan can. Abin da ya bambanta shi da su, hanyar komowa ta buɗe masa yana da sauran ƙarfi, kuma ya komo da abin da ba a ƙwacewa a kan iyaka: karatu da rubutu da harsuna. Da su ya ci abinci kusan shekara hamsin. Mu da muke koyar da ƴaƴan Hausawa baƙaƙen boko a yau, abokin aikinmu ne, kuma yana cikin na farko.

Tsibiran yau

Mu koma Tenerif, inda Jaja ya rasu. Yana cikin tsibiran Kanari, mallakar Sifaniya, waɗanda mafi kusa a cikinsu bai fi kilomita 100 daga gaɓar Maroko ba. A tsantsar hunturu ma ana shiga ruwa a can, shi ya sa suka zama babbar mafakar masu gudun sanyi na Turai. Mazaunansu miliyan 2 ne da ƴan kai, amma baƙin da suka zo daga ƙasashen waje a 2024 sun haura miliyan 15, akasari daga Ingila da Jamus. Abin ya yi yawa har a watan Afrilu na shekarar dubban ƴan tsibiran suka fito zanga-zanga, suna kukan kuɗin haya ya fi ƙarfinsu, ruwa kuma yana ƙaranci.

Waɗannan tsibirai su ne kuma kwale-kwalen ƴan Afirka ke nufa daga Senegal da Gambiya da Muritaniya da Maroko. A 2006 mutum sama da 31,000 suka isa. A 2023 kusan 40,000, a 2024 sama da 46,000. Waɗannan su ne suka isa da rai. Daga Senegal tafiyar ta kai kilomita 1,500 a buɗaɗɗen teku, kuma kwale-kwalen da ya kuskure tsibiran, ruwa yakan ja shi har Karebiya, inda aka sha tsintar irinsu da gawarwaki a ciki. A ƙarshen 2020 mutum sama da 2,000 suka kwana a kan dandamalin tashar jirgin ruwa ta Arguineguin, daga baya aka zuba su a otal-otal da annobar korona ta bari wayam. Ɗan Afirka ya kwana a ɗakin hutun Bature ke nan, ga wurin wanka ga teku, amma ba shi da takardar wucewa gaba, ba shi da kuɗin komawa baya. Bature yana zuwa tsibirin don ya tsere wa sanyi, ɗan Afirka yana sayar da ransa don tsibirin ya zame masa ƙofar shiga ƙasar sanyin.

Mu ma muna da namu tsibiran, kuma babbar hanyar da ta ratsa Gidimuni ta nufi Gure da Difa da Ngigmi ita ce hanyarsu. Shekara da shekaru mutanen Damagaram suna zuwa tsibiran tabkin Cadi su yi su, su yi banda, su yi noma da kasuwanci, su komo da abin aure da na gini. Bayan harin da Boko Haram ta kai tsibirin Karamga ranar 25 ga Afrilu 2015, aka ba da umarnin kowa ya fice daga tsibiran ɓangaren Nijar, mutum wajen 25,000 suka fito, da yawansu a ƙasa, suka bar abin da suka tara. Ba mu kuma manta da watan Oktoba na 2013 ba, sa'ad da aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Akasarinsu daga yankin Kance suka fito, ƙasar Dorugu.

Abin da ya rage gare mu

Ba na cikin masu ce wa yaro kada ya fita. Bahaushe ɗan fatauci ne tun kaka da kakanni, kuma wanda rumbunsa ya ƙare tun watan Fabrairu ba ya bukatar wa'azin zaman gida. Abin da nake roƙon ƴan'uwana malamai shi ne mu haɗa taswira da tarihi. In mun nuna Martinik mu ambaci Behanzin da masu saran rake, in mun nuna Seshel mu ambaci Prempeh, in mun nuna Kanari mu kawo adadin baƙi da adadin kwale-kwale a darasi ɗaya, in mun nuna Ingila mu ba da labarin yaron Dambanas. Darasi ne da ba ya cin ko dala, alli da allo sun isa. Yaron da ya saba jin haka, in ya ga hoton farin rairayi a waya zai tambayi kansa wa ke kwance, wa ke tsaye yana yi masa hidima, kuma da wace takarda kowannensu ya shigo.

Ku kuma iyaye, kafin a sayar da gona ko a jinginar da lambu don a haɗa wa yaro kuɗin hanya, a zaunar da shi a yi masa tambayoyin da ba ya son ji. Wace sana'a ce a hannunka? Wace takarda za ka nuna in an tare ka? In abin bai yi ba, da me za ka komo, kuma ta wace hanya? In ya amsa su, a sa masa albarka ya tafi. In ya kasa, a riƙe gonar, a mai da shi aji ko wurin koyon aikin hannu ya ƙara shekara ɗaya ko biyu, tafiyar ba za ta gudu ba.

Allah ya tsare mana ƴaƴanmu na gida da na hanya, ya jiƙan waɗanda ruwa da rairayi suka riƙe.